Amsa: Manhaja na tsayawa idan folda ta yi zurfi

Malam, ka ce manhajarka na mutuwa idan ta yi nisa cikin foldoji. Laifin aikin nan ne (function) na cikin manhajarka ta Python, mai kiran kansa duk sanda ya shiga wata folda. Kowane kira yana riƙe wuri a ƙwaƙwalwa har ya dawo, Python kuwa tana taka birki idan kiran da bai dawo ba ya kai 1000. Ko ka ɗaga wannan iyakar, Linux ba ta karɓar adireshin fayil da ya wuce bait 4096, Windows ma a tsarinta na asali haruffa 260 ne.

Ni dai gara ka tara foldojin a jeri, kana cirowa ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma lura da mahaɗi (symlink, wato fayil mai nuni zuwa wani wuri) da ke komawa folda ta sama, don zai sa ka yi ta zagaye.