Rigar ƙoƙon kai ta gwanjo, da sauran tambayoyinku kan kayan 'yan tsallen babur

Tambayoyin wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka taru, kan rigunan nan masu zanen ƙwarangwal da damisa da fuka-fukai da ake yawan tsinta a dilar gwanjo, sai na haɗa su na amsa gaba ɗaya.

Yaya salamu alaikum. Na ga wata baƙar tishat a wajen mai gwanjo, gabanta ƙoƙon kai ne sanye da hular soja, an rubuta Metal Mulisha. Mutumin ya rantse orijina ce ta 'yan tseren Amurka, kuɗin da ya sa mata ya ninka na sauran sau uku. Mene ne ma Metal Mulisha ɗin, kuma ta kai in biya?

Wa alaikumus salam ƙanena. Mai gwanjonka bai yi ƙarya duka ba, amma ba 'yan tsere ba ne, asali ma mutanen da suka gaji da tsere ne. Bari in ɗan ja ka baya kaɗan don ka san abin da ake so ka biya wa kuɗi.

A Amurka akwai tseren babur na cikin ƙasa da tuddai, shi ake kira motokuros, yana da hukuma da dokoki da kamfanoni masu ɗaukar nauyi waɗanda suke son yaro mai tsafta mai ladabi a gaban kyamara. To a tsakiyar shekarun 1990 sai wasu samari a kudancin Kalifoniya suka fara ɗaukar baburansu ranar da ba tsere su shiga tsaunuka da tuddan yashi irin na Glamis, ba alƙali ba agogo, kowa dai ya nuna wa abokinsa tsallen da ya fi nisa ko abin da zai iya yi da jikinsa yana sama, wani ya saki hannu, wani ya fitar da ƙafa, wani ya faɗo ya karye a kwashe shi. Wasu suka bi su da kyamara suka sa a kaset ɗin bidiyo, wanda ya fi tashe shi ne Crusty Demons of Dirt, kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu kamar yadda muka yi da kaset ɗin Indiya a da. Daga nan aka samu abin da suke kira FMX, wato wasan tsalle da babur wanda ba a duba wa ya riga wa, salon da ka yi a sama shi ake ba wa maki.

Cikin samarin nan akwai Brian Deegan. A 1997 ya ci wani tsere na ajin babura masu injin 125 a babban filin wasa na Los Angeles, yana zuwa layin ƙarshe maimakon ya ɗaga hannu kamar kowa sai ya dira ya saki babur ɗin ya tafi sama shi kaɗai ba direba, hukuma ta ci shi tara, samari kuwa suka ce sun samu gwarzo. Shi da Larry Linkogle su suka kafa Metal Mulisha a ƙarshen shekarun 1990, da farko gungun abokai ne kawai masu sa baƙaƙen kaya da jiki cike da jarfa don su ba manyan harkar haushi, daga baya suka ga ai sunan kansa kuɗi ne, aka koma buga shi a riga da hula. Sunan yana nufin kamar mayaƙan sa-kai na ƙarfe, kuma da gangan suka karkata rubutun kalmar, don haka kar ka ce za ka gane jabu ta kuskuren rubutu, ta ainihin ma a karkace take.

Abin ya fashe ne a 1999 da gasar X Games ta sa wasan a jadawalinta a San Francisco. Yaro ɗan shekara 15, Travis Pastrana, shi ya cinye zinare, kuma don ƙarin rigima ya ɗauki babur ɗinsa ya yi tsalle da shi ya faɗa cikin ruwan tekun garin. A 2000 Carey Hart ya gwada alkafura ta baya da babur mai injin 250 a gasar Gravity Games, ya juyo amma ya zube wajen sauka. A 2002 Mike Metzger ya yi ta sau biyu a jere a X Games, a 2006 kuma Pastrana ya yi alkafura biyu a tsalle ɗaya. Duk lokacin da talabijin ta nuna irin wannan, rigar da ke jikin mutanen ita ma ta samu talla kyauta.

Yanzu batun kuɗinka. Tishat ce ta auduga da aka buga wa zane, ba ta da wani sirri a saƙarta, miliyoyin irinta aka yi aka sayar a manyan shagunan Amurka shi ya sa ma ta iso dila. In yadin mai kauri ne, wuyan bai saki ba, zanen bai fara tsagewa ba, ka ƙara masa ɗan wani abu a kan kuɗin sauran saboda kana sonta. Ninki uku kuwa a'a, ka yi kamar za ka tafi, ai ka san yadda ake yi. Abu ɗaya kuma da ya kamata ka sani kafin ka sa, hular da ke kan ƙoƙon nan ta taɓa jawo rigima a can, wasu makarantu a kudancin Kalifoniya sun hana ɗalibai sa kayan saboda ana ganin ta yi kama da hular sojojin Jamus na zamanin Hitila, kamfanin ya ce ba haka yake nufi ba. A nan ba wanda zai tare ka a kan wannan, amma in kana da niyyar sa hoto a intanet ko tafiya waje da ita, gara ka sani.

Malam, ɗana ɗan shekara 17 ya dame ni sai na saya masa riga da hular hana-sallah masu sunan Ed Hardy, da zanen damisa da zuciya da ƙoƙon kai. Maƙwabciyata ta ce alamar 'yan ƙungiyar asiri ce. Gaskiya ne? In saya ko in hana?

Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba alamar wata ƙungiya ba ce. Ed Hardy sunan mutum ne, Don Ed Hardy, mai sana'ar zanen jiki a Kalifoniya, abin da yara ke cewa tatu, mu kuma muka sani da jarfa. Ya ɗauki salo a wajen wani tsohon gwani da ake kira Sailor Jerry wanda ya yi suna wajen yi wa sojojin ruwa zane a Honolulu, sannan a 1973 ya je Japan ya ƙaro ilimi, shi ya sa za ki ga damisa da kifi da macijin almara irin na Japanawa sun cakuɗe da zuciya da wuƙa da fure irin na matuƙan jirgin ruwan Amurka. A tsakiyar shekarun 2000 wani Bafaranshe ɗan kasuwa, Christian Audigier, wanda da ma shi ya tallata hulunan Von Dutch, ya karɓi lasisin zanen ya zuba a riga da hula da takalmi har da turare, ya yi ta raba wa mawaƙa da taurari. Aka yi yayi kamar me, abin ya yi yawa har ya gundure mutane, kafin shekara goma masu sa ta a can sun fara jin kunyarta, ragowar kuma ga shi ya gangaro mana. Kwanan nan ma yaran can sun sake tono ta da sunan kayan da, ina jin a nan ɗanki ya gani a waya.

Dangantakar rigunan nan masu zanen jarfa da 'yan babur ta jini ce kusan, tunda mutane ɗaya ne ke sa su. Shi Carey Hart ɗin da na ambata a sama, a 2004 ya buɗe shagon zanen jiki mai suna Hart & Huntington a cikin otal ɗin Palms a Las Vegas, daga baya sunan shagon ya koma kan riguna. Akwai kuma Sullen da ke ɗaukar aikin masu zanen jiki kai tsaye ta buga a yadi. Dabarar duk ɗaya ce, wanda ba zai iya ko ba ya son a soka masa allura ba sai a sayar masa da zanen a riga ya sa ya cire.

Shawarata, kar ki tsaya kan sunan, ki tsaya kan abin da ke jikin rigar da za a saya ɗin. Ki sa shi ya karanta miki rubutun ya fassara a gabanki. Shahararriyar cikinsu ma'anar rubutunta shi ne so yana kisa a hankali, wannan dai shirmen samari ne, amma akwai masu hoton mace rabin tsirara, da kwalbar giya, da gicciye, da kalmar zagi a rubutun da aka murɗe har ba ya karantuwa sai an lura. Waɗannan ki ce a'a kai tsaye. Sannan ki tuna masa cewa zai shiga sahu da ita, mutumin da ke bayansa ƙoƙon kai zai yi ta kallo har a sallame, hukuncin hoto a tufafi kuwa malamin unguwarku ya fi ni sani. In da ni ne, sai in bar masa hular mai rubutu zalla ko riga mai fure da igiyar ruwa, a rabu lafiya, don yaro ɗan 17 in aka hana shi gaba ɗaya wajen aboki zai je ya aro ya sa a bayan layi.

Oga ni ɗan acaɓa ne, Boxer nake ja. Ina so in sayi rigar Fox irin ta masu tsalle da hular kwanonsu mai dogon baki da na gani a gwanjo, don kariya, kuma ina ɗan koyon ɗaga gaba da tsalle in an yi biki. Wanne zan fara saya?

Malam, a nan ne zan ɗan ɗaure fuska. Fox kamfani ne na gaske a harkar, tun 1974, zanen kan dabbar nan dila da ke jikin rigar kowa a duniyar motokuros ya san shi, haka Alpinestars na Italiya da suka fara da takalma tun 1963. Amma ita rigar mai dogon hannu da kake gani, ɗauke ta ka ɗaga wa rana, za ka hango hasken ta cikinta. Yadin roba ne mara nauyi da aka yi don iska ta ratsa gumi ya bushe. Kariyar tana ƙarƙashi inda kyamara ba ta nunawa, sulken ƙirji da baya, abin gwiwa, dogon takalmi mai tauri har ƙwauri, safar hannu. Kuma su a kan ƙasa suke faɗuwa, kai a kan kwalta, kwalta kuwa cin rigar nan za ta yi cikin ƙiftawar ido ta wuce zuwa fata, roba ce kuma in ta ɗau zafi narkewa take. Don shan iska a rana tana da daɗi, iyakarta ke nan.

Hular kwano ita ce farko, amma ba ta gwanjo ba. Abin da ke ceton kai ba ƙwanson waje ba ne, wani farin soso ne mai tauri a ciki wanda yake murƙushewa ya shanye bugu, sau ɗaya yake wannan aikin ba ya komawa, kuma hular da ta taɓa bugun ƙasa za ta iya zama fes a waje. Ba ka san me ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Ka sayi sabuwa ko da mara zane ce, ka duba maɗaurin haɓa za ka ga ɗan ƙyalle da aka ɗinke mai harafin E cikin da'ira da lamba, shi ne shaidar gwajin Turai, tsohon 22.05 sabon 22.06. Sitikar DOT da ake mannawa a baya ita kaɗai kar ta ruɗe ka, a tsarin Amurka kamfani ne ke shaidar kansa, kuma sitika kowa zai iya bugawa. Ka sa ta ka ɗaure ka girgiza kai, in tana yawo ta yi maka yawa. Mai dogon baki ɗin nan ma ba ta da gilashi, da tabarau na musamman ake haɗa ta, ga harshen samanta da ke kama iska in ka yi gudu a titi.

Tsalle da Boxer kuma don Allah ka bari. Babur ɗinsu shok ɗinsa yana nutsewa kusan inci 12, sun ƙara masa tauri, sun rage soson kujera, sun yanke robar gefe don hannu ya samu wurin kamawa, tazarar da suke tsallakewa a gasa ƙafa 75 ce daga gadar ƙarfe zuwa tudun ƙasa da aka gyara don sauka, kuma sabon salo a ramin da aka cika da soso ake fara koyonsa wata da watanni. Duk da haka Deegan ya rasa ƙoda ɗaya a faɗuwar da ya yi a 2005, Jeremy Lusk kuma, ɗan Metal Mulisha da ya ci zinare a X Games a 2008, ya rasu a watan Fabrairun 2009 bayan ya faɗi a wani wasa a Kosta Rika yana ɗan shekara 24, da hularsa da komai a jikinsa. Naka an yi shi ne don ya ɗauki mutum biyu da buhun masara, kuma shi ne abincin gidanka.

Yaya, zanen rigata ya fara tsattsagewa bayan wanki uku, jabu aka sayar min ko?

Ba lallai ba ƙanwata. Ni ma na taɓa ba wani mai wanki sabuwar riga mai irin wannan zanen, ya ɗora mata dutsen guga na gawayi a kan fuskar zanen kai tsaye, da na karɓo rabin fiffiken mikiyar yana manne a gindin dutsen, shi kuma yana ce min ai haka na kawo ta. Tawadar roba ce a saman yadi, zafi da murza su ne maƙiyanta. Ki juya ta ciki waje kafin wanki, ruwan sanyi, kar ki sa buroshi, ki shanya a inuwa, guga ma ta baya. In za ki sayi wata, ki ɗan ja yadin a wurin zanen da yatsu biyu, in kin ga ƙananan tsaga sun buɗe kamar busasshiyar ƙasar fadama, ki ajiye musu abarsu.