Kafin Ki Sa Farar Riga: Abin da Ke Jiran Mai Shiga Makarantar Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Marwa, a arewacin Kamaru, na ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare a fannin kimiyya bana, kuma burina in shiga makarantar koyon aikin jinya. Mahaifina bai hana ni ba, amma yana ɗari-ɗari da batun kwana a asibiti. Me zan tarar a can, kuma me ya kamata in shirya tun yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Na daɗe ina aikin jinya, na kuma koyar da ɗalibai a ɗakin majinyata, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Mu fara da ƙofar shiga. A Kamaru, Ma'aikatar Lafiya ce ke shirya jarrabawar shiga makarantun horar da ma'aikatan lafiya, wadda kowa ke kira konkur, kuma sanarwarta tana fitowa kowace shekara. Mai Bak kamarki tana iya neman matakin IDE, wato ma'aikaciyar jinya mai takardar shaidar gwamnati, kuma karatunsa shekara 3 ne. Akwai makarantar gwamnati a Garwa, akwai kuma masu zaman kansu da dama. Idan ta kuɗi za ki shiga, kada ki biya ko sefa ɗaya sai kin tabbatar Ma'aikatar Lafiya ta amince da ita, domin a ƙarshen karatu jarrabawar ƙasa za ki zauna, kuma ita ce ke ba da takardar da za a ɗauke ki aiki da ita. Ki ɗauko takardar haihuwarki da katin ɗan ƙasa da takardar Bak yau ɗin nan, ki jera su, ki duba ko sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a cikinsu duka. Harafi guda da ya bambanta yana iya tsayar da takardun ɗaliba, kuma gyaransa yakan ci watanni.

Game da karatu, yawancin masu zuwa suna zaton ilimin halittu ne zai ba su wahala, amma abin da na ga ya fi kayar da ɗalibanmu shi ne Faransanci da lissafi. Da Faransanci za ki karanta umarnin likita, da shi za ki rubuta rahoton abin da ya faru da majinyaci a daren da kika kwana a kansa, kuma wadda za ta karɓe ki da safe da wannan rubutun za ta yi aiki. Ki saba da rubuta shafi guda kullum, ki ba wani ya gyara miki. Lissafin kuwa ba mai zurfi ba ne, sai dai ba ya yafe kuskure. Ga misali: an ce ki sa wa majinyaci ruwa mililita 500 ya shiga jikinsa cikin awa 8, kuma robar da ake amfani da ita tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo 10,000 ke nan cikin minti 480, wato kusan ɗigo 21 a minti ɗaya. Idan kin iya fitar da wannan da biro ba tare da waya ba, kin kama hanya. Maganin yara bisa nauyin jikinsu ake auna shi, kuma a can wanda ya ɗauki miligiram a matsayin mililita yana iya halaka ɗan mutane.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Tun shekarar farko za a tura ki aikin gwaji a asibiti, kuma ba da allura za ki fara ba. Za ki gyara gado, ki auna zafin jiki da bugun jini, ki wanke tsohuwar da ba ta iya tashi, ki kwashe amai da bahaya, ki riƙa juya mara lafiya bayan kowace awa 2 don kada kwanciya ta ci masa baya. Za ki ga gyambo mai wari, za ki ga jini a ɗakin haihuwa, wata rana kuma yaron da kika yi wa wasa da yamma ba zai kai asuba ba. A yankinmu aikin yana bin yanayi: daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta ɗakin yara yakan cika da masu zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, da rani a yi fargabar sanƙarau, idan aka yi ambaliya kuma a shiga tsoron kwalara. Na ga ɗalibai masu ƙwazo a aji da suka bar karatu bayan makonni kaɗan a ɗakin majinyata, ba don rashin basira ba, sai don babu wanda ya gaya musu haka aikin yake. Shawarata ita ce ki gwada kanki kafin a kashe kuɗi. Idan an kwantar da wani ɗan'uwa a asibitin Marwa, ki nemi a bar ki ki yi zaman jinyarsa kwana biyu ko uku, ki lura da abin da ma'aikatan jinya ke yi tun daga shigarsu har tashinsu, sannan ki tambayi zuciyarki. Tashin zuciya a ranar farko ba laifi ba ne, kusan kowa ya yi shi, kuma yana wucewa. Abin dubawa shi ne ko kin ji kina so ki koma washegari.

Akwai wata baiwa da kike da ita wadda ba a rubuta ta a takarda. Yawancin majinyatanmu ba sa jin Faransanci, kuma uwar da ta zo daga ƙauye ba za ta bayyana ciwon ɗanta ba sai da harshen da ta saba. Hausarki jari ce, idan kuma Fulatancinki bai nuna ba, ki gyara shi, domin shi ne harshen da ya fi yawo a asibitocin arewa.

Ki kula da lafiyarki ma. Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a yankinmu, kuma allurar da aka yi wa majinyaci tana iya soke ma'aikaci. Ki je a gwada jininki, idan ba ki ɗauke da shi ki fara rigakafi. Allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, don haka yanzu ne lokacin farawa. Ki kuma sani cewa a bakin aiki za a buƙaci ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro, saboda wanke hannu. Ɗalibai musulmi da yawa suna rufe kansu da ɗan ƙaramin lulluɓi mai tsabta wanda ba ya sauka kan majinyaci, amma ki tambayi ƙa'idar makarantar da kika zaɓa.

Damuwar mahaifinki tana da dalili, kuma kada ki ɓoye masa komai don ki samu amincewarsa. Kwana a asibiti yana cikin horon, ba a ɗauke wa kowa, kuma za ki kula da majinyata maza kamar yadda za ki kula da mata. Sai dai ɗaliba ba ta kwana ita kaɗai, tana ƙarƙashin ma'aikatan da ke bakin aiki ne, kuma ana fitar da jadawalin kwanakin tun da wuri, yadda gida za su san ranar da za ki kwana da wanda zai kai ki ya ɗauko ki. Ki nemi wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ake girmamawa a unguwarku ta zauna da shi. Ki tuna masa kuma da matan da ke ƙin zuwa awo ko haihuwa a asibiti saboda kunyar namiji ya duba su, waɗanda da sun san 'yar gida ce za ta tarbe su, da sun zo da wuri. Ku zauna tare ku lissafa kuɗin makaranta da na haya da na abin hawa zuwa wurin aikin gwaji na shekara 3 cif, musamman idan Garwa za ki tafi, ku kuma daidaita a gidan wa za ki sauka kafin sakamakon konkur ya fito.