Hajiyarmu ta rikice, Yaya ya ce a kai ta gidan kula da tsofaffi

Salam Anti, dan Allah a boye sunana. Hajiyarmu ce, shekarunta 78, kusan shekara uku kenan da ta fara mantuwa, da farko carbi ne da mukullin daki, yanzu wlh ni da nake kwana da ita wani lokacin sai ta kalle ni ta ce "ke 'yar gidan waye?" Da magariba ta yi sai ta yafa mayafi ta ce gida za ta, kuma gidan iyayenta take nufi na Yakasai wanda aka sayar tun ina karama. Ran Juma'ar nan ta fice ba wanda ya gani, wani mai adaidaita ne, Allah Ya saka masa, ya tsinto ta wajen kasuwar Rimi ko takalmi babu. Ni kadai ce a gari, ga aiki ga yara hudu, maigida ma ya fara korafi. Yayanmu na Abuja ya ce akwai wani gida na kudi da ake kula da tsofaffi, shi zai dinga biya. Na je na gani, falo tsaf-tsaf, amma karfe 11 na safe duk tsofaffin barci suke a kan kujeru, ga zarni na tasowa daga ciki, kuma ba a bar ni na wuce falon ba. Kawu kuma ya ce in muka kai ta ba shi ba mu, wai sammu ne a nemo malami. Ya zan yi?

AMSA

Wa alaikis salam kanwata, sannu, Allah Ya ba da ladan jinya. Gigin tsufan nan cuta ce ta kwakwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata cuta mai suna Alzheimer ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100, hawan jini da shanyewar barin jiki ma suna jawo ta. Ba ki ce likita ya taba ganin Hajiya ba, to nan za ki fara, ki kai ta asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano wajen likitocin kwakwalwa. Ba a warkewa gsky, amma ciwon mafitsara ko suga ko karancin bitamin B12 suna kara rikita tsoho, su kuma ana maganinsu. Addu'a a ci gaba, ai ba ta hana ganin likita.

Gidan nan kuwa hankalina bai kwanta da shi ba. Tsofaffi su bingire duka da hantsi? Ki tambaya wane magani ake ba su, don akwai masu dirka musu na barci irin su diazepam dan su samu sarari, shi ne tsohuwa za ta mike jiri ya kwashe ta ta karye a kugu, daga nan kuma sai kwanciya. Ki koma ba sanarwa, da magariba, lokacin da rikicewar ta fi tashi, ki ce sai kin ga daki da bandaki. Ki dubi wuyan hannun tsofaffin ko da shatin dauri, ki tambaya ko ana juya wadanda ba sa tashi saboda gyambon kwanciya, mutum nawa ke kwana da su, akwai nas, mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, in ciwo ya tashi karfe 2 na dare ina za su kai ta. Suka sake tsayar da ke a falo, kin samu amsarki.

Ni da za a bi tawa, kudin da Yaya zai biya a dauko mata biyu, ta rana da ta dare, Hajiya ta zauna inda ta saba, don sauya wuri kansa yana kara rikita su. A sa sakata can sama, a dinke lambar wayarki a mayafinta, a sanar da masu shagon layi. In ta ce gida za ta kar ki ce an sayar, sabon kuka za ki tayar, ki ce "to Hajiya, mu sha kunu tukuna."

Shi kuma Kawu ki je har gida ki durkusa ki gaishe shi, ki ce kun ji maganarsa ba za a kai ta ba, amma kowace Asabar a wajensa za ta wuni.