Daftarin McGahern a Golwe da littattafan Baba a adaka: a kai su laminetin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Golwe ta ƙasar Ailan, ina digiri na biyu a fannin adabi. Makon jiya aka fito mana da daftarin gajerun labaran John McGahern, marubuci ɗan Ailan, waɗanda ya rubuta da hannunsa, duk soke-soke da gyare-gyare, amma takardun garau suke. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar littattafan eksasais goma sha ɗaya na labarai a adaka a gida, har gara ta fara taɓa biyu. Yayana ya ce zai buga su a kwamfuta, shafukan asali kuma ya kai shago a yi musu laminetin kafin damina. Wai haka Turawa suke yi. In bar shi?

AMSA: Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin ka ƙarasa karanta amsata, ɗauki waya ka roƙi Yaya ya dakata.

Kai da ka zauna a ɗakin karatun ka riga ka ga amsar da idonka. Tun 2003 takardun McGahern suka shiga hannun jami'arku, shekara uku kafin rasuwarsa a 2006. A cikin abin da aka ajiye a gabanka, ka ga shafi ko ɗaya da aka narka wa leda? Abin da ka gani shi ne jakar kwali marar asid, da akwatin kwali, da ma'aikaciyar da ta hana ka shiga da biro ta ce sai fensir. Sirrin ke nan, sai kuma ɗakin ajiya mai sanyi wanda danshinsa ba ya hawa da sauka.

McGahern mutum ne mai yawan komawa kan rubutunsa, har abin da ya riga ya fita kasuwa yakan sake taɓawa. Littafinsa The Leavetaking na 1974 ya sake yi masa gyara ya fitar a 1984. Don haka masu nazari ba labarin suke zuwa nema a daftarinsa ba, labarin yana kowane kanti. Kalmar da ya soke suke nema, da inda alƙalami ya canza, da abin da ya rubuta a gefe ya fasa. A 2002 Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Dablin ya biya Yuro miliyan 12.6 don wasu littattafan rubutu da daftarin James Joyce, wani marubucin Ailan, alhali bugaggun littattafan mutumin sun cika duniya. Soke-soken aka saya. Saboda haka Yaya ya buga a kwamfuta, madalla, amma kada ya ɗauka kwafin ya maye gurbin asali.

To, laminetin. Kusan kullum sai na yi wannan faɗan, kuma na gaji. Mutum zai shigo da fara'a, ya zaro wasiƙar kakansa tana ƙyalli kamar katin banki, ya ce "na adana ta." Bai san ya binne ta ba ne.

Injin shagon nan zafi yake sa wa takarda, yana narka gam ya cusa shi cikin zarenta, sannan ya danne. Daga nan takarda da leda sun zama abu ɗaya. A aikinmu na adana tsofaffin takardu doka ta farko ita ce kada ka yi wa takarda abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba, laminetin kuwa ba ya warwaruwa. In ka ɓare, fuskar takardar ce za ta bi ledar da rubutun gaba ɗaya. In ka ce za ka jiƙa gam ɗin da sinadari, sinadarin da ke narka gam shi ne ke narka tawadar biro. An taɓa kawo mini wasiƙu huɗu a haka, ɗaya kawai na iya ceto rabinta, ita ma don da fensir aka rubuta ta.

Wani abin da mai shago ba zai gaya wa Yaya ba, don shi ma bai sani ba: takardar eksasais mai araha daga niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana da asid a jikinta, shi ya sa take yin ja tana karyewa in ta tsufa. In ka rufe ta ruf, asid ɗin ba shi da mafita, sai ya zauna yana cin ta daga ciki. In kuma da ɗan danshi a jikinta ranar da aka rufe, to an rufe ta da hunhuna. Ga shi kuma kafin a saka littafi a injin sai an ɓalle shi shafi-shafi, an yanke gefe don ya shiga leda. Ɗinkin ya tafi, jerin shafuka ya rikice, ɗan abin da Baba ya rubuta a gefe ya bi almakashi.

Maganar "haka Turawa suke yi" kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma shi ne abin haushin. Sun yi. Daga shekarun 1930 wani Ba'amurke, William Barrow, ya yaɗa wata hanyar laminetin, manyan ma'adanun takardu a Amurka suka rungume ta shekaru da dama. Daga baya wasu ledojin suka fara ruɓewa suna warin tsami, takardun suna kumbura suna lanƙwashewa, aka bar hanyar, yau kuɗi ake kashewa ana ƙoƙarin ɓare su. Wato kuskuren da masu abin suka tuba daga gare shi, shi ake sayar mana a bakin titi. Haka salatif. A shekarun 1950 da shi aka liƙa gutsattsarin tsofaffin naɗaɗɗun littattafan da aka tono a kogunan bakin Tekun Gishiri, masu gyara suka shafe shekaru suna cire gam ɗinsa. Ledar da za ka iya gani a wasu ma'adanu daban ce: aljihu ne na roba mai tsabta, babu gam, babu zafi a jikin takarda, in an yanka gefe sai ta zame ta fito yadda ta shiga.

Ga abin da Yaya zai yi, kuma bai kai kuɗin laminetin ɗin ba. Ya fitar da littattafan daga adakar, ya ware biyun da gara ta taɓa, ya kakkaɓe su a hankali da burushi mai laushi a inuwa. Kada a shanya a rana, kada a fesa maganin sauro ko kananzir a kansu. Adakar da ƙasan ɗakin ne ke bukatar magani. Ya bar kowane littafi yadda Baba ya bar shi, har 'yan takardun da aka cusa a tsakiya, a inda suke. Fil ko ƙusar sitefula da ta yi tsatsa a cire ta a hankali. A naɗe kowane littafi da farar takarda mai kyau, ba jarida ba, a rubuta lamba a jikin naɗin da fensir, a jera su kwance a kwali mai murfi, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bangon da ruwa ke duka. Ba a ƙulle su a baƙar leda. Da zarar danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari hunhuna na iya tashi, don haka a watan Agusta a riƙa buɗewa ana dubawa.

Sannan ya ɗauki hoton kowane shafi da waya a hasken rana na cikin ɗaki, har bango da shafukan da babu komai, a jere, ya turo maka. Hannu wankakke busasshe ya isa, farar safar hannun nan da ake gani a talabijin tana sa yatsu su yage takarda ne kawai.

Kai kuma, tunda kana Golwe, nuna wa ma'aikatan sashen adana takardu hotunan biyun da gara ta ci. Ka tambaye su inda suke sayen jakunkunan kwalinsu marasa asid, ka sayi goma sha ɗaya ka sa a kayanka in za ka je gida hutu.