Hukuncin karanta ƙagaggun labaran dabbobin fadama

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Ya'yana suna son tsofaffin littattafan nan na labarin dabbobin fadama, inda kada da kwaɗo da zalɓe suke tunani, wani lokaci har suna magana. An ce mini ƙarya ce, kuma sauraron ƙarya haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, karanta su ya halatta.

Ƙaryar da Shari'a ta hana ita ce a faɗi abin da bai faru ba don mai sauraro ya ɗauka ya faru. Wanda ya buɗe littafi ya ga kwaɗo yana yi wa kada nasiha ya san misali ake buga masa, ba a yaudare shi ba. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya yi gargaɗi ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya yana magana ne a kan wanda yake kawo ƙagen a matsayin gaskiya. Tun ƙarni na 8 na Miladiyya marubuci Ibnul Muƙaffa ya mayar da littafin labaran dabbobi mai suna Kalila wa Dimna zuwa Larabci, zaki da sa da dila suna ta zance, malamai kuma suka karanta shi ƙarni bayan ƙarni. Hariri ma, masanin adabin Larabci, a gabatarwar littafinsa na ƙagaggun labarai mai suna Maƙamat, da irin waɗannan labaran dabbobi ya kāre kansa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ce dabbobi suna da rayuwarsu. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, al'ummomi ne irinmu. Kwaɗon nan na fadama, Annabi (SAW) ya hana wani mai magani kashe shi. Littafin da zai sa yaro ya daina jifan kwaɗi don wasa, ni ina ganin ya yi aiki.

Inda nake da tsoro shi ne marubucin da ya rantse cewa da idonsa ya ga abin da ya ƙaga. An yi wannan rigimar a Amurka daga 1903, lokacin da masanin halittu John Burroughs ya soki wasu marubuta, har shugaba Roosevelt ya shiga a 1907. Ɗaya daga cikin marubutan ya ce ya ga tsuntsu yana ɗaure karayar ƙafarsa da laka. Irin wannan, in ba ta faru ba, ƙarya ce tsagwaronta, laifin yana kan marubuci. Ke dai ki faɗa wa yaran cewa labari suke karantawa, ba ilimin dabbobi ba.

Sai kuma aƙida. Wasu daga cikin littattafan suna mayar da ɗabi'a, wato duniyar halittu da ke kewaye da mu, wata uwa mai raba arziki da tsara rayuwar dabbobi. In kuka zo wurin, ki tsaya ki gaya musu Allah ne mai ciyar da kada a ruwa. Kada kuma littafin ya cinye lokacin salla da karatun Alƙur'ani.

Allah ne mafi sani.