Filayen Golf da Suka Tsaya a Takarda: Amsa ga Mai Koyon Aiki

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake sa ka nazarin zanen filayen golf waɗanda ba a taɓa gina su ba, alhali ga filaye nan a raye waɗanda mutum zai iya takawa da ƙafarsa. Ka kuma ƙara da cewa idan zanen yana nan bai ɓata ba, me zai hana a gina shi yau a laƙaba masa sunan mai shi. Tambayoyi biyu ne, kuma ta biyun ta fi nauyi, amma ba za ta fahimtu ba sai an bi ta kan ta farkon.

Duk filin da ka gani a gine ya riga ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Mai kuɗi ya rage abin da ya ga ya yi tsada, ɗan kwangila ya sauƙaƙa abin da ya yi masa wuya, kwamitin kulob ya dasa itatuwa a inda mai zane ya so a bari a buɗe, kuma shekaru sun cinye gefen guraben yashi, wato ramukan yashin da ake tonawa domin su kama ƙwallo, har siffarsu ta sauya. Zanen da bai bar takarda ba kuwa yana nuna maka tunanin mai shi tun kafin kowa ya sa masa hannu. Bayan haka, kowane irin wannan zane akwai abin da ya kashe shi, kuma wanda zai rayu da wannan sana'a yana bukatar sanin abin da ke kashe aiki kamar yadda yake bukatar sanin abin da ke ƙawata shi.

Mu fara da Augusta National da ke jihar Jojiya a Amurka, domin mutane kan ɗauka cewa wuri mai irin wannan suna bai taɓa sanin rashi ba. A 1931 ne shahararren ɗan wasan golf Bobby Jones da Clifford Roberts da abokansu suka sayi tsohuwar gonar renon itatuwa mai eka 365 a kan dala 70,000, suka kira Alister MacKenzie, gwanin zanen filayen golf, ya zana filin. Shirinsu na farko ya ƙunshi filaye biyu masu rami 18 kowanne, na biyun domin mata, da filayen tanis, da fulotan gidaje na sayarwa, da sabon ginin kulob wanda za a rushe tsohon gidan gonar a gina a madadinsa. Duk wannan an ɗora shi a kan lissafin cewa za a sami mambobi 1,800, kowanne ya biya dala 350 kuɗin shiga. Sai dai kasuwar hannun jari ta New York ta riga ta faɗi tun Oktoban 1929, kuma lokacin da aka buga gasar farko a filin, wadda a yau ake kira Masters, a watan Maris na 1934, mambobin da aka samu 76 ne kacal. Fili na biyu bai samu ba, filayen tanis ba su samu ba, shi ma MacKenzie bai karɓi cikon haƙƙinsa ba har ya rasu a Janairun 1934, bai ga filin a kammale ba. Wannan na ƙarshe yana taɓa ni ƙwarai, domin mutumin da ya yi aikin da duniya ke kallo kowace shekara ya ƙare kwanakinsa yana rubuta wasiƙun neman a biya shi. Amma ka lura da wani abu: rashin kuɗin nan ne ya ceci tsohon gidan da aka gina a 1854, wanda a yau shi ne fuskar kulob ɗin. Ba duk abin da aka fasa ginawa ne asara ba.

A cikin zanen na Augusta akwai wani ɗan ƙaramin abu da nake so ka duba da kyau, wato rami na 19. MacKenzie ya zana gajeren rami mai tsawon yadi 90 kusa da ginin kulob, domin wanda ya sha kaye a rami 18 ya sami dama guda ta ramawa kafin a watse. An fasa gina shi saboda kuɗi, da kuma saboda zai tare wa waɗanda ke zaune a kulob ganin girin na 18, wato shimfiɗar lallausar ciyawa da ke kewaye da ramin ƙarshe. Ramin ba shi da aibi a matsayinsa na rami. Aibinsa shi ne ya tsaya a gaban wani abin da ya fi shi muhimmanci. Idan ka zana rami mai kyau, ka koma ka tsaya a inda mutane za su zauna, ka ga abin da ya rufe musu.

Wani aikin kuma mutuwa ce ke tsayar da shi. Seth Raynor safiyo ne, ba gwanin buga golf ba, kuma ta hanyar awon ƙasa ya shiga sana'ar lokacin da mai zanen filaye C. B. Macdonald ya ɗauke shi aikin filin National Golf Links a Long Island ta jihar New York. Raynor aka fara ba aikin filin Cypress Point a gaɓar tekun Kalifoniya, ya tsara yadda ramuka za su bi, sai ciwon huhu ya ɗauke shi a Janairun 1926 yana da shekara 51. Marion Hollins, wadda ke jagorantar aikin, ta kira MacKenzie, aka buɗe filin a 1928. Salon mutanen biyu ya sha bamban: Raynor yana son layuka miƙaƙƙu da girin masu kusurwa da gefe mai tsayi, yana maimaita wasu sanannun siffofin ramuka daga fili zuwa fili, MacKenzie kuwa yana son a kasa gane inda aikin hannu ya ƙare da inda halittar ƙasa ta fara. Da Raynor ya rayu, da wani fili daban ne ke kan duwatsun nan. A 1929 kuma, da aka fitar da Jones a zagayen farko na gasar 'yan sha'awa ta Amurka a Pebble Beach, ya sami lokacin buga Cypress Point, kuma abin da ya gani a can yana cikin dalilan da suka sa ya zaɓi MacKenzie ya zana masa Augusta. A Jami'ar Yale kuwa, wani aikin na Raynor, an tsara filaye biyu, amma fasa duwatsu da share daji sun ci kuɗi mai yawa, kuma ɗaya ne kawai aka buɗe a 1926.

Yanzu ga wanda na fi so ka daɗe a kansa. A 1930 MacKenzie ya je Ajantina domin aikin Jockey Club na Buenos Aires, kuma a wannan tafiyar ya zana wa wani attajiri, Enrique Anchorena, fili a gandunsa mai suna El Boquerón kusa da Mar del Plata. Abin da ya bambanta zanen shi ne ramuka 18 ne amma girin tara kawai, kowane girin yana ɗauke da tuta biyu, ana shigo masa ta fuska biyu. Asalin dabarar daga filin Old Course na St Andrews ne a Sikotland, inda girin bakwai suke haɗa ramuka bibbiyu, kuma MacKenzie ya san wannan fili kamar tafin hannunsa domin ya auna shi ya zana taswirarsa. Shekarar da ya yi zanen ita ce shekarar da farashin nama da alkama, waɗanda arzikin Ajantina ya dogara a kansu, yake zubewa, kuma a watan Satumba sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Hipólito Yrigoyen. Ba a gina filin ba, amma takardar ta tsira.

Idan ka shimfiɗa kwafin zanen a kan tebur, kada ka fara da kyan siffar guraben yashi, domin nan ne idon sabon shiga ke fara zuwa. Ka ɗora yatsa a kan girin ɗaya, ka bi layin ramin da ke shigo masa daga gabas, sannan ka bi na wanda ke shigowa daga ɗaya ɓangaren, ka tambayi kanka abu uku. Ina ƙwallon da ta zarce za ta faɗa, kuma wa ke tsaye a wurin a lokacin? Gangaren da ke taimakon mai zuwa daga wannan fuska, me yake yi wa mai zuwa daga waccan? Wanda ya gama rami, taku nawa zai yi kafin ya isa wurin bugun farko na rami na gaba, kuma shin zai ratsa gaban wasu masu wasa? Girin mai tuta biyu dole ya yi faɗi sosai domin ƙungiya biyu su tsaya a kansa ba tare da haɗari ba, kuma gurbin yashi guda yana iya zama a gaban tuta ga wani, a bayan tuta ga wani. A gandun mutum ɗaya, inda shi da baƙinsa ne kawai za su yi wasa, wannan dabara tana da ma'ana ƙwarai. A kulob mai cunkoso ranar Asabar kuwa, sai an sake tunani. Zanen ya san wanda aka yi shi dominsa.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. A 'yan shekarun nan an ɗauki zanen El Boquerón domin a gina shi a jihar South Carolina ta Amurka, kuma ban ga laifin hakan ba, har ma ina murna da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce filin MacKenzie ne kai tsaye. Kwatanta shi da filin Lido. Macdonald da Raynor sun gina Lido a Long Island daga 1914, suka tsotso yashi kimanin kubik yadi miliyan 2 daga ƙarƙashin ruwa suka cike fadama, kuma rami na 18 an ɗauko shi ne daga zanen da MacKenzie ya ci gasar mujallar Country Life da shi a 1914. Sojojin ruwa sun karɓe wurin a Yaƙin Duniya na Biyu, filin ya ɓace. Da aka tashi sake gina shi a Sand Valley ta jihar Wisconsin, wanda aka buɗe a 2023, mai zanen filaye Tom Doak da mutanensa sun yi aiki ne da siffar da Peter Flory ya haɗa a kwamfuta daga tsofaffin hotuna, na ƙasa da na sama. Akwai shaidar yadda kowane tudu ya kasance, domin filin ya taɓa wanzuwa, mutane sun taka shi, an ɗauki hotonsa. Filin da bai taɓa barin takarda ba ba shi da wannan shaidar ko kaɗan.

Takarda tana gaya maka inda girin yake da faɗinsa, wani lokaci da kibiyoyi masu nuna inda ruwa zai gangara. Ba ta gaya maka abin da mai zane zai ce ba ranar da aka kafa turaku ya tsaya a wurin ya ga cewa iska tana zuwa daga inda bai zata ba, ko an tono an tarar da laka a inda ake zaton yashi. A zamaninsu ana gyara ƙasa ne da alfadarai da dawakai masu jan ƙarfen kwasar ƙasa, da leburori masu shebur da manjagara, kuma inci biyu ko uku na ƙarshe, waɗanda su ke sa ƙwallo ta karkata hagu ko dama, a wurin ake yanke su da ido. Za ka iya ce mini ai MacKenzie bai ga filin Royal Melbourne a gine ba, kuma gaskiya ne: ya je Ostareliya a ƙarshen 1926 na 'yan makonni, Alex Russell da Mick Morcom suka yi ginin, aka buɗe filin yamma a 1931. Amma ya taka wannan ƙasar da ƙafarsa, ya zana domin ita, ya kuma zauna da mutanen da za su yi aikin baki da baki har suka gane abin da yake nufi. Zanen da aka kai wata nahiya bayan shekaru kusan ɗari ya rasa duka ukun. Kamar riga ce da tela ya yanka bisa awon wani, aka ba wani ya sa: tana iya yi masa kyau, amma sai an rage nan an ƙara can, kuma wanda ya yi ragin da ƙarin shi ma yana da hannu a ɗinkin. Don haka abin da ya dace a rubuta shi ne an gina bisa zanen MacKenzie, a kuma ambaci sunan wanda ya tsaya a kan katafila ya yanke hukunci, domin haƙƙinsa ne, kuma idan an yi kuskure kada a jingina shi ga mamaci.

A wajenmu abin da ya fi tsayar da zane shi ne ruwa. Ba don rashin sani ba ne tsofaffin filayen Arewa suka daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a madadin ciyawa a kewayen rami; waɗanda suka yi su sun lissafa watannin rani. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, girin 18 kuwa sukan kai hekta ɗaya ko fiye, saboda haka ko milimita 5 kawai za ka ba su a rana, kana bukatar lita 50,000 kullum kafin ka jiƙa ko taku ɗaya na hanyar ƙwallo, kuma a watan Afrilu milimita 5 ba za ta isa ba. Na ga zane masu kyau da aka biya kuɗinsu aka naɗe aka ajiye, domin sai bayan an gama su aka gwada rijiyar burtsatse.

Saboda haka a makon nan ka ɗauki kwafin El Boquerón da takarda mai shara-shara, ka kwafe girin tara ɗin, ka auna faɗin kowanne da ma'aunin da ke jikin zanen, ka fitar da ruwan da za su sha a rana ɗaya ta bazara a ƙasa irin tamu. Sannan ka zaɓi guda ɗaya, ka je bayan rumbun kayan aiki inda muke da tulin yashi, ka gina shi da hannunka a faɗin tabarma, ka gangara ƙwallo daga fuskokin biyu, ka rubuta mini duk wurin da takardar ta yi shiru har sai da ka yanke hukunci da kanka.