Na ƙara wa masarata taki sai ta ƙone, me ya jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar gona a hanyar Shika, ganyen masarata ya fara zama ruwan ɗorawa sai mai shagon taki ya ce yunwa take ji, na juye mata yuriya a gindi, yanzu bakin ganyen duk ya ƙone. Wai ba taki ne abincin shuka ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A'a Malam, ba shi ba ne, kuma wallahi maganar nan ta ishe ni don duk damina sai an zo mana da ita. Dabba ce take cin abin da wani ya riga ya haɗa, ragonka in bai samu harawa ko dusa ba shikenan. Ita kuwa shuka da kanta take haɗa nata a cikin koren ganye, ta ja ruwa ta saiwa, ta ɗauki iskar kabon daga sarari, hasken rana ya mayar da su sukari, sukarin nan ne yake zama ƙwayar da za ka ɗura a buhu.

Wani masani na da can, ɗan yankin da yanzu ake kira Beljiyam, mai suna Van Helmont, ya dasa itace a tukunya shekara 5 ruwa kawai yake ba shi, itacen ya ƙaru da kusan kilo 74 amma ƙasar tukunyar ko giram 60 ba ta ragu ba. An buga wannan tun 1648, amma har yau mai shago yana ce wa manomi shuka ƙasa take ci, to dama shi buhu yake son sayarwa.

Taki a wurin shuka kamar kanwa ne a wurin rago, ana bukata amma kaɗan. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato sinadarin da yake taimaka wa ganye ya yi kore, in ka jibga ta jikin kara musamman ƙasa a bushe, maimakon saiwa ta sha ruwa sai takin ya riƙa zuƙe ruwan jikinta, ƙonewar da ka gani kenan. Abin haushi ma wasu bayan sun ƙona ta sai kuma su bi suna zage ganye suna kai wa dabbobi tun masara ba ta cika ba, wai ai ta ci taki ta ƙoshi. Ta ci da me? Ganyen da yake kusa da goyo da na samansa su ne suke cika ƙwaya.

Yanzu kar ka ƙara komai, bari ruwa ya sauka ya wanke. Nan gaba ka tona ɗan rami kamar yatsa uku daga gindi ka sa taki ka rufe. Kuma ka duba ko akwai wuta-wuta a gonar, ita tana manne wa saiwa ne ta sace abin da masara ta haɗa, in ita ce ka je Samaru wajen IAR, wato cibiyar binciken aikin gona, ka nemi irin da yake jure mata.